Idan Tauraro Ya Fashe A Cikin Gas Ɗin Da Shi Da Kansa Ya Zubar: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa duk sanda aka ɗauko zancen fashewar taurari, musamman irin fashewar da tarkacenta ke cin karo da gas mai kauri da ke kewaye da tauraron. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai ka gyara zama.

Wai da gaske tauraro yana fashewa, ko dai salon magana ne?

Da gaske ne, amma ba kowane tauraro ba. Ranarmu dai bazata fashe ba, ba ta da nauyin da zai kai ta ga haka. Sai tauraro ya kai wajen ninki 8 na nauyin rana ko fiye sannan yake irin wannan mutuwar da ake kira supanoba. Duk rayuwarsa yana ƙona haidirojin ne a cikinsa yana mai da shi hiliyom, idan ya ƙare sai ya koma kan hiliyom ɗin, daga nan kabon, niyon, oksijin, silikon, kuma kowane mataki ya fi na baya saurin ƙarewa, haidirojin miliyoyin shekaru, kabon ɗaruruwan shekaru, oksijin watanni, silikon kuwa 'yan kwanaki ne kawai. Abin da ke rage a tsakiya ƙarfe ne, shi kuma ƙarfe ba ya ba da wuta idan an matsa shi, sai ma ya sha. To daga nan cikin tauraron sai ya rufta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya dunƙule ya zama wani curi mai faɗin kilomita 20 ko makamancin haka, sauran jikin kuma a yi watsi da shi waje da gudun kusan kilomita 10,000 a kowace daƙiƙa. Faɗin duniyarmu gaba ɗaya kilomita 12,700 ne da 'yan kai, sai ka auna.

Akwai kuma wata hanyar, inda ƙaramin tauraro da ya riga ya mutu, wanda ake ce wa farin wada, yake tarwatsewa gaba ɗaya. Zamu taɓo shi a gaba.

To gas ɗin da ake cewa yana karo da shi daga ina ya fito? Ba an ce sararin samaniya fanko ba ne?

Kusan fanko ne, e. A tsakanin taurari abin da zaka samu bai wuce atom ɗaya ba a cikin kowane santimita ɗaya mai kusurwa, wannan ba zai tare komai ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Gas ɗin da muke magana a kai na tauraron ne da kansa, shi ya zubar da shi kafin ya mutu.

Kowane tauraro yana zubar da wani abu daga jikinsa. Ranarmu ma tana yi, amma kaɗan ne ƙwarai, ko ta shekara biliyan tana yi ba za a ga ta rame ba. Jajayen manyan taurari irin Betelgeuse suna zubar da kamar nauyin rana ɗaya a cikin shekara miliyan. Amma waɗanda ke haifar da karo mai ƙarfi ɗin nan, da aka yi lissafi sai aka ga wasunsu sun zubar da nauyin rana guda cikin shekara dubu, wasu cikin shekara goma, wasu ma cikin shekara ɗaya tak. Kuma duk dab da mutuwarsu, shi yasa gas ɗin bai samu lokacin yin nisa ba, yana nan tsugune kusa lokacin da fashewar ta zo.

Me ke faruwa a daidai lokacin karon?

Nan ne zancen yake da daɗi. Fara da wannan: a fashewar tauraro ta yau da kullum, kusan kashi 99 cikin 100 na ƙarfin yana tafiya ne a cikin nutirino, wasu 'yan ƙananan abubuwa da ke ratsa komai su wuce ba a gani. Kashi ɗayan da ya rage shi ne gudun tarkacen. Hasken da muke gani kuwa, wanda ke iya kai hasken taurari biliyoyi, bai wuce kamar kashi ɗaya cikin ɗari na wancan kashi ɗayan ba. Kaga kenan akwai ƙarfi mai ɗimbin yawa ɓoye a cikin gudun tarkacen wanda ba ya haske ko kaɗan.

Tirela ce ta kwaso daga gangare da gudu, kana ganinta ba zafi ba hayaƙi, amma direba na taka birki sai ka ji ƙauri, taya ta ɗau zafi har tana hayaƙi, gudun ne ya koma zafi. Gas mai kaurin nan shi ne birkin. Da tarkacen ya afka masa sai igiyar karo biyu su tashi, ɗaya tana kutsawa gaba cikin gas ɗin tana dumama shi har ya kai wajen digiri biliyan, ɗayar tana komawa baya cikin tarkacen da ke tahowa, ita zafinta yakan tsaya wajen digiri miliyan goma. Roger Chevalier na Jami'ar Virginia a Amurka shi ya tsara lissafin wannan tun 1982 kuma har yanzu da shi ake aiki. A tsakanin igiyoyin biyu abu yana cushewa, yana hucewa da sauri saboda yawansa, sai ya zama wani siririn ɓawo mai kauri sosai da ake ta turawa gaba.

Gas mai wannan zafin eksire yake fitarwa. Idan gas ɗin da ke kewaye bai yi kauri ba eksire ɗin zai fice kai tsaye mu gan shi da teleskof irin Chandra. Idan kuwa ya yi kauri sosai sai ya shanye eksire ɗin ya sake fitar da shi a matsayin haske na ido da kuma na altarabayolet. Sannan akwai rediyo, don igiyar karon tana harba ilektiron su yi gudu kusa da na haske, suna juyi a cikin maganaɗisun wurin suna fitar da igiyoyin rediyo da ake kamawa daga nan.

Duk wannan a nisan miliyoyin shekarun haske, ta yaya aka sani? Ai ɗigon haske kawai ake gani.

Gaskiya ne, ɗigo ne, shekarar haske ɗaya ma ita ce nisan da haske ke ci a cikin shekara guda. Amma ana ratsa hasken ɗigon ta cikin na'urar da ke baza shi launi-launi, kuma kowane sinadari yana da layinsa a wuri sananne, haidirojin misali yana da wani jan layi a nanomita 656. Abin da ke ba da labari shi ne faɗin layin. Gas ɗin da ke gudu sosai, wani ɓangare na nufo mu wani na guje mana, layinsa yakan baje ya yi faɗi. Wanda ke tafiya a hankali kuwa layinsa siriri ne tsaf.

To supanoba ta yau da kullum layukanta masu faɗi ne, tunda komai na gudun dubban kilomita a daƙiƙa. Idan ka ga siririn layin haidirojin a kai, na abin da gudunsa bai wuce kilomita 100 ko 'yan ɗaruruwa a daƙiƙa ba, ka san wannan ba tarkacen fashewa ba ne, gas ne da ya riga fashewar zuwa wurin, hasken karon ne ke haska shi yana jiran a zo a buge shi. Wani lokaci har kala uku zaka gani a jere a kan layi guda, siriri, matsakaici daga wancan ɓawon da ke tsakani, da mai faɗi daga tarkacen.

Kuma akwai wani lissafi mai sauƙi a nan wanda ni shi ya fi burge ni a duk fannin. Ɗauka gas ɗin ya bar tauraron da gudun kilomita 100 a daƙiƙa, tarkacen kuma na biye da shi da 10,000, ninki ɗari kenan. Duk kwana ɗaya da tarkacen ya yi yana gudu ya cinye tafiyar kwana ɗari ta gas ɗin. Bayan kwana goma ya isa gas ɗin da aka zubar shekara uku kafin mutuwa, bayan shekara ɗaya ya isa na shekara ɗari da suka wuce. Wato idan ka zauna kana auna hasken yana hawa yana sauka, tarihin tauraron kake karantawa daga ƙarshe zuwa baya, inda hasken ya yi tsalle ka san a wancan lokacin ya yi babban amai. Tauraron da babu wanda ya taɓa kallo yana raye sai ga shi an san me ya yi shekara hamsin kafin ya mutu.

Mene ne IIn, Ibn, Icn da nake gani a jikin sunayensu?

Rabe-rabe ne kawai. Tun 1941 Rudolph Minkowski ya raba su biyu, mai haidirojin ita ce II, wadda babu ita ce I. A 1990 Eric Schlegel ya ware masu siraran layukan haidirojin ya ce musu IIn, kuma ba su kai ɗaya cikin goma na fashewar manyan taurari ba. Ibn ita ce wadda gas ɗin kewayenta hiliyom ne, Icn kuma kabon da oksijin, wato tauraron ya riga ya tuɓe saman jikinsa tun da daɗewa har ya fara zubar da na ciki. An ma samu SN 2021yfj (SN gajartar supanoba ce) wadda a gas ɗin kewayenta aka ga silikon da salfa, abin da ya kamata a ce yana can ƙuryar ciki dab da ƙarfen. Lambar farko a sunan shekarar da aka gano ta ce, haruffan kuma jeri ne.

Akwai wadda aka ga karon da ido, ba ta hanyar layuka ba?

Akwai, SN 1987A. An gan ta ne a daren 23 ga Fabrairu 1987 wayewar 24, Ian Shelton da Oscar Duhalde a cibiyar Las Campanas ta ƙasar Chile, da kuma Albert Jones a New Zealand. Tana cikin Babban Gajimaren Majalan, wani ƙaramin galaksi, wato babban tarin taurari, maƙwabcin namu galaksin, nisan shekarun haske kusan 168,000, kuma tun wadda Kepler ya gani a 1604 ba a samu wadda ta kai ta kusa ba har ana ganinta da ido. Na'urori uku a ƙarƙashin ƙasa, Kamiokande a Japan, IMB a Amurka da Baksan a Tarayyar Sobiyet, sun kama nutirino wajen 25 sa'o'i kaɗan kafin hasken ya iso.

Da aka harba teleskof ɗin Hubble sararin samaniya a 1990 aka juya shi wajen sai aka ga zobe, daga baya aka ga ashe uku ne, ɗaya a tsakiya mai haske, biyu manya dishi-dishi sama da ƙasa. Na tsakiyan faɗinsa ya ɗan haura shekarar haske ɗaya, kuma daga saurin buɗewarsa aka lissafa cewa kusan shekara 20,000 kafin fashewar tauraron ya zubar da shi. Walƙiyar farko ta fashewar ce ta haska shi tun kafin wani tarkace ya iso. Masana suka ce to a jira, tarkacen na hanya, kuma haka aka yi ta jira shekara da shekaru. A 1997 aka lura da ɗigo ɗaya ya kunnu a jikin zoben, da aka koma tsofaffin hotuna aka ga tun 1995 ya fara, sai wani, sai wani, kafin tsakiyar shekarun 2000 sun kai wajen talatin sun zagaye zoben kaf. Kowane ɗigo wani dunƙulen gas ne da ya ɗan zuro ciki, shi igiyar karon ta fara tararwa. Eksire da rediyo ma suka yi ta hawa. Daga wajen 2009 ɗigogin suka fara dusashewa don karon yana cinye zoben, igiyar ta wuce gaba tana haska gas ɗin da ke bayansa wanda da ba a san da shi ba.

Wani abu kuma, kowa ya zaci jan babban tauraro ne zai fashe, sai aka duba tsofaffin hotuna aka ga shuɗi ne, mai suna Sanduleak -69 202. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne taurari biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya, juyin da haɗewar ta haifar shi ya watso gas ɗin a siffar zobe. A 2024 kuma aka fitar da sakamakon teleskof ɗin James Webb da ke nuna alamar curin da ya rage a tsakiya, wanda aka shafe shekara fiye da talatin ana nema.

Sai dai a sani, 1987A ba ta cikin IIn, gas ɗinta yana nesa ne shi yasa karon ya makara. Kusancinta ne ya sa ta zama wurin koyo.

Me zai sa tauraro ya hau zubar da gas haka dab da mutuwarsa? Kamar ya san ajali ya zo?

Wannan ita ce tambayar da ta hana masana barci. A da littattafai suna cewa saman tauraro bai san me ke faruwa a cikinsa ba, don zafi yana ɗaukar dubban shekaru kafin ya ratso daga ciki zuwa waje, saboda haka ko ciki na kan gargara saman zai zauna lafiya lau har ranar fashewa. Abin da aka gani a shekaru ashirin ɗin nan ya rushe wannan, aƙalla ga taurari da yawa.

Bayani na farko, a 2012 Eliot Quataert da Joshua Shiode suka kawo shawarar cewa lokacin da ciki ke ƙona niyon da oksijin, a shekarun ƙarshe kenan, tafasar tana da ƙarfin da take tayar da igiyoyi, su kuma igiyoyin ba sa jiran dubban shekaru, suna ɗauko ƙarfin su sauke shi kusa da sama, saman ya kumbura ko ya ɓalle. Wannan ya dace da lokaci tsaf ga waɗanda suka yi amai shekara ɗaya ko biyu kafin mutuwa, amma ba ya bayyana waɗanda suka yi nasu shekara ɗari kafin nan, kuma lissafin baya-bayan nan yana nuna ƙarfin igiyoyin bai cika kai yadda aka zata da farko ba.

Na biyu, abokin zama. Yawancin manyan taurari ba su kaɗai suke ba, binciken Hugues Sana da abokan aikinsa a 2012 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na mafiya girma zasu yi musayar gas da abokin zagayensu ko su haɗe da shi. Idan ɗaya ya kumbura ɗayan na janye masa saman jiki, wani ya zube a gefe ya zama faifai ko zobe. Ni a ganina wannan ne ke da kaso mafi tsoka, saboda duk inda aka iya auna siffar gas ɗin da wuya ka same shi a dunƙule daidai ta ko'ina, sai dai faifai, ko zobe, ko ƙulli biyu, kuma tauraro shi kaɗai ba shi da dalilin fifita gefe guda. Matsalarsa ita ce me zai sa abin ya faɗo daidai ƙarshen rayuwa, sai dai idan an haɗa shi da na farkon, igiyoyi su kumbura tauraron, abokin ya kwashe.

Na uku na ƙattai ne kawai, masu nauyin rana wajen 100 zuwa sama, inda cikin ke yin ƙananan fashewa yana jefo ɓawo bayan ɓawo, na baya ya tarar da na gaba su yi karo tun tauraron bai mutu ba.

An taɓa kama tauraro yana wannan aman kafin ya fashe?

Sau da yawa ma. Koichi Itagaki, wani ɗan Japan daga Yamagata wanda sana'arsa ta asali kamfanin kayan gyaɗa ne, kallon sama kuma sha'awa ce kawai, ya ga wani haske ya taso a galaksin UGC 4904 a Oktoban 2004, bayan 'yan kwanaki ya ɓace. Shekara biyu bayan nan, Oktoban 2006, daidai wurin ya fashe, ita ce SN 2006jc, kuma a haskenta sai ga siraran layukan hiliyom, gas ɗin da ya gani ana zubarwa a 2004.

SN 2009ip kuwa ta ba mutane kunya. A Agustan 2009 aka gan ta a galaksin NGC 7259 aka ba ta sunan supanoba, ashe tauraron bai mutu ba, amai ne kawai. Ya sake yi a 2010, ya ci gaba da tashi yana kwanciya, sai a Agustan 2012 ya yi wani, a ƙarshen Satumba kuma haske ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki ya kai na supanoba sosai. An shekara goma ana gardama ko ya mutu ko yana nan, har sai da hotunan Hubble da aka fitar a 2022 suka nuna wurin ya dusashe ƙasa da hasken da tauraron ke da shi a hoton 1999. Yawanci yanzu sun yarda ya tafi, amma sunan 2009 ɗin ya zauna masa duk da a 2012 ya mutu.

Sai SN 2020tlf, inda teleskof ɗin Pan-STARRS a Hawai ya ga jan babban tauraro yana ƙara haske na kwana 130 kafin ya fashe. Wannan ya fi ba da mamaki don tauraro ne na gama-gari, ba ƙato ba.

Akwai irinsu a galaksinmu? Ana iya gani daga Najeriya ko Nijar?

Eta Karina, nisan shekarun haske wajen 7,500. A Disamban 1837 John Herschel yana Afirka ta Kudu ya lura ta ƙara haske, zuwa 1843 babu tauraron da ya fi ta haske a sama in ba Siriyus ba. A wancan aman ta zubar da abin da ya haura nauyin rana goma, kuma ba ta mutu ba. Gas ɗin yana nan har yau, ƙulli biyu manya da ke buɗewa da gudun kilomita ɗari shida da wani abu a daƙiƙa, a tsakiya kuma taurari biyu ne ke zagaya juna duk shekara biyar da rabi. Duk ranar da babban ya fashe tarkacensa zai tarar da wannan jibgin gas ɗin.

Ana ganinta daga Kano ko Zinder, amma ƙasa-ƙasa take a kudu, daga Kano ba ta wuce digiri 18 sama da doron ƙasa, kusa da taurarin nan huɗu masu siffar gicciye. Da daddare a watannin Maris zuwa Mayu ne lokacinta, a wurin da babu fitilu kuma ba hazo, kuma kar ka sa ran wani abin kallo, ɗigo ne mai rauni, da abin hangen nesa na hannu zaka fi ganin hasken gajimaren da take ciki.

Shin karon ne ke sa wasu su fi sauran haske nesa ba kusa ba?

Ga wasu, e. SN 2006gy, wadda Robert Quimby ya gano a Satumban 2006 a galaksin NGC 1260, nisan shekarun haske wajen miliyan 240, ta ɗauki kwana 70 tana hawa kafin ta kai ƙololuwa, ta yau da kullum kuwa sati biyu ko uku ne. Hasken da ta fitar gaba ɗaya ya kusa abin da rana zata fitar a duk rayuwarta ta shekara biliyan goma. Ba sai fashewar ta fi ƙarfi ba, birkin ne ya kama sosai, kusan duk gudun ya koma haske. Da farko an ɗauka ƙato ne irin Eta Karina, sai a 2020 Anders Jerkstrand da abokansa suka gano layukan ƙarfe mai yawa a haskenta suka ce ai farin wada ne ya kutsa cikin jikin abokin zamansa, ya watsar da gas ɗin, sannan ya tarwatse a ciki. Ba kowa ya yarda ba, amma ya nuna wata matsala ta gaske: idan karon ya yi ƙarfi haskensa yana rufe komai, ba ka ganin abin da ya fashe a ciki. An riga an ga farin wada a cikin gas mai kauri tun SN 2002ic.

Me yasa ake ta gaggawar auna supanoba a sa'o'in farko?

Saboda a taurari da yawa gas ɗin ɗan kaɗan ne kuma manne yake da tauraron, tarkacen na share shi cikin kwanaki, in ka makara shi kenan ka rasa. SN 2013fs an gano ta sa'o'i uku kacal bayan fashewa, aka baza haskenta cikin sa'o'i shida, aka ga siraran layukan oksijin da suka ɓace kafin kwana biyu. Ofer Yaron na Cibiyar Weizmann a Isra'ila da tawagarsa suka lissafa cewa a shekarar ƙarshe ne tauraron ya zubar da wannan gas ɗin.

Sai 19 ga Mayu 2023, Itagaki ɗin nan dai ya sake gano wata, SN 2023ixf a galaksin M101, nisan shekarun haske miliyan 21, kusa sosai a wannan harkar. Siraran layukan sun yi kamar mako guda sannan suka ɓace, kuma in ka ninka mako da gudun tarkacen zaka ga gas ɗin bai wuce nisan kilomita biliyan goma daga tauraron ba, kamar ninki biyu na nisan Neftun daga rana. Da an fara aunawa bayan kwana goma da an rubuta ta a matsayin supanoba ta yau da kullum, wanda ke nufin da yawa cikin tsofaffin da aka rubuta haka wataƙila makara aka yi.

Supanoba na iya sauya nau'i?

SN 2014C a galaksin NGC 7331 ta fara ba haidirojin ko kaɗan, bayan kamar shekara sai ga siraran layukansa, rediyo da eksire suka tashi. Ta tarar da ɓawon haidirojin mai nauyin kusan rana ɗaya da tauraron ya tuɓe tun da, yana can nesa yana jira.

Karon lalata kawai yake yi?

A'a, yana ƙera ƙura ma. Wancan ɓawon mai kauri da ke tsakanin igiyoyin biyu, da ya huce sai kabon da silikon su fara daskarewa su zama ƙwayoyi. An ga haka a SN 2006jc cikin wata biyu, an gani a SN 2010jl, kuma alamar ita ce ɓangaren layin da ke fitowa daga bayan fashewar sai ya dusashe don ƙurar ta tare shi, hasken infrared, na ɗumi wanda ido ba ya gani, kuma ya ƙaru. Amma igiyar da ke komawa baya tana niƙa wata ƙurar, kuma nawa ke tsira har yanzu ana kan aunawa, musamman a 1987A inda aka samu ƙura mai sanyi da ta kai wajen rabin nauyin rana a tsakiya.

Akwai haɗari gare mu? Betelgeuse fa?

Supanoba ta yau da kullum sai ta zo cikin 'yan gomman shekarun haske sannan zata taɓa lemar ozon ɗinmu. Masu karo da gas mai kauri sun fi dogon hannu don suna zuba eksire na watanni ko shekaru, wani bincike da aka yi da bayanan Chandra a 2023 ya kai iyakar haɗarinsu wajen shekarun haske 160. Babu tauraron da ke shirin fashewa a cikin wannan tazarar.

Betelgeuse tana nesa da fiye da shekarun haske 500. Dusashewar da ta yi daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020, wadda aka yi ta yayatawa a Facebook da Twitter cewa zata fashe, gas ta zubar ya huce ya zama ƙura ya tare mana haskenta, zuwa Afrilu ta dawo. Tana iya kai shekara 100,000 nan gaba. In ta fashe za a gan ta har da rana tsaka na tsawon makonni, kuma tunda an daɗe ana auna gas ɗin da ke kewaye da ita, masana sun riga sun san nisan da wasu daga cikin ɓawon gas ɗin suke.